Tarihin Fansho a Nijeriya: A Hannun Wa Guzurin Tsufa Yake?

Makasudin wannan 'yar maƙala shi ne in bi sawun fansho a ƙasar nan tun daga zamanin Turawa, domin in duba tambaya guda ɗaya tak, wato a hannun wa ake ajiye abin da ma'aikaci zai ci ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Na san wani zai ce ina ruwan ɗalibin Hausa, wanda ko takardar neman aiki bai taɓa rubutawa ba, da zancen barin aiki. To, da yawa daga cikinmu da kuɗin fanshon iyaye ake biya mana kuɗin rajista, kuma duk watan da aka yi jinkirin biya, a kwanon abincinmu ake fara gani. Malamanmu kuwa ba sai an gaya musu ba.

Bari mu fara da kalmomin kansu, tun da shi ne fagenmu. Fansho da ritaya da garatuti duk baƙi ne a bakin Bahaushe, daga Ingilishi ya aro su. Kalmar da ya daɗe da ita ita ce murabus, ita ma ta Larabci ce, kuma sarakuna da masu sarauta aka fi yi wa amfani da ita. Manomi ba ya murabus, maƙeri ma haka, sai dai a ce ƙarfi ya ƙare, yara sun karɓa. Rashin kalmar bai nuna cewa Bahaushe ba ya tanadin tsufa ba. Abin da ya nuna shi ne tanadin nasa ba na kuɗi ba ne.

Babban tanadinsa shi ne gandu. A tsarin gandu 'ya'ya maza, ko da sun yi aure, suna noma gonar gida tare da mahaifinsu, shi kuma ya ciyar da su da iyalinsu, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya yanka wa kowa gayauna wadda zai noma wa kansa bayan an tashi daga aikin gandu. Idan mai gida ya tsufa sai ya koma gindin bishiya yana ba da umarni, rumbu kuwa yana nan a hannunsa. Wato ke nan abin da ya kashe wajen renon 'ya'ya shi ne zubinsa, hatsin da suke nomawa shi ne kwasarsa. Tsohuwa ita ma tana da nata, ga 'yan awaki, ga kaɗi, ga adashi, ga bikin da ta yi ta yi wa mutane shekara da shekaru wanda dole a rama mata. Amma kada mu yi wa gandu kwalliyar da ba tasa ba. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna cewa gandu ya fi ƙarfi a gidajen masu wadata. Ɗan matalauci ba shi da abin da zai tsaya jira, sai ya kama gabansa. Wanda kuwa Allah bai ba haihuwa ba, sai zakka da sadaka da zumunci. Malamai sukan kawo labarin da Abu Yusuf ya ruwaito a littafinsa na haraji, cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho da ba Musulmi ba yana bara domin ya biya jiziya, sai ya ɗauke masa ita, ya kuma yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Ashe tunanin cewa hukuma na da hakkin tsofaffi a wuyanta ya riga Turawa zuwa nan.

Abin da Turawa suka kawo shi ne albashi. Tun wajen 1911, da aka kakkafa baitulmali a masarautun Arewa, aka mai da sarki da hakimi da alƙali da malamin haraji masu jiran ƙarshen wata. Ga kuma ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a wannan shekara, da 'yan kwadagon kuza a Jos, da akawuna na kamfanoni. Mutumin da ya shafe shekara talatin a ofis ko a tashar jirgi ba shi da gandu. 'Ya'yansa makaranta suka tafi, gonar gado kuwa tana hannun 'yan'uwa. Ranar da albashi ya tsaya, komai ya tsaya. Daga nan matsalar fansho ta faro.

Su kansu Turawan ba su daɗe da warware ta a gida ba. A Jamus, Bismarck ya kafa dokar inshorar tsufa a 1889, inda ma'aikaci da mai ba shi aiki da gwamnati kowa ke zuba nasa, a fara biyan mutum idan ya kai shekara 70. Ya yi haka ne musamman domin ya janye ma'aikata daga bin 'yan gurguzu. A Ingila sai a 1908 aka yi dokar ba tsofaffi matalauta 'yan shekara 70 sule biyar a mako. Amma ma'aikatan gwamnatinsu tun 1859 suke da nasu tsarin, wanda ba a cire ko kwabo daga albashinsu, gwamnati ce ke biya daga taskarta. Wannan na biyun ne aka kawo mana.

Dokar fansho ta farko da aka saba ambata a Nijeriya ita ce ta 1951, wadda aka koma da fara aikinta baya zuwa 1 ga Janairu, 1946. Akwai wani abu a cikinta da ya kamata mu tsaya a kansa. A wannan doka fansho ba hakki ba ne da mutum zai kai ƙara a kansa. Gwamna na da ikon rage shi ko hana shi ɗungurungum idan ya ga ma'aikaci ya yi sakaci ko rashin ɗa'a. Ke nan kyauta ce ta ubangida ga baransa mai biyayya, kuma linzami ne a bakin ma'aikaci tun yana bakin aiki. Turawa sun tafi, dokoki sun sake, amma a ganina wannan ɗabi'a ba ta tafi ba. Har gobe za ka ji an biya tsofaffi bashin da suke bi na shekaru, a tara su a gaban 'yan jarida suna godiya da addu'a, kamar an yi musu alfarma.

Ma'aikatan kamfanoni kuwa sai abin da kamfani ya ga dama. Kamfanin Nigerian Breweries ya kafa wa ma'aikatansa asusu a 1954, UAC ya bi baya a 1957. A 1961 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa Asusun Tanadi na Ƙasa domin ma'aikatan da ba na gwamnati ba. Wannan asusu kamar adashi yake: ma'aikaci ya zuba, mai kamfani ya zuba daidai da nasa, ranar barin aiki a damƙa wa mutum abin da ya taru a dunƙule, shi ke nan an rabu. Illarsa ita ce an yi wa zubin iyaka, har zamanin Naira bai wuce Naira 8 ba a wata, 4 daga kowane ɓangare, aka kuma bar shi haka kayan masarufi na ta hawa. A 1993 aka yi dokar da ta maye gurbinsa da asusun NSITF, wanda ya fara aiki a 1994.

Shekarun 1970 su ne suka fi muhimmanci a wannan tarihi, domin a cikinsu aka yi wa ma'aikaci alkawari mafi girma, a cikinsu kuma aka nuna masa cewa alkawarin na iya tashi a banza. Kuɗin man fetur ya shigo kamar ruwan Agusta. Hukumar Jerome Udoji, wadda Janar Gowon ya naɗa a 1972, ta miƙa rahotonta a 1974, aka yi ƙarin albashi mai tsoka, aka kuma biya ariyas tun daga Afrilun 1974. Iyayenmu har yanzu suna ba da labarin rediyo da babura da aka saya da kuɗin Udoji. Ba a jima ba Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki a Yulin 1975, ya sa tsintsiya a aikin gwamnati. Fiye da mutum 10,000 aka sallama, wasu a rediyo suka ji sunayensu, wasu kuma aka kore su ba tare da ko sisi na sallama ba. Ba na musun cewa akwai ɓarayi da malalata a cikinsu, kuma Murtala mutum ne da muke alfahari da shi. Amma darasin da waɗanda suka tsira suka ɗauka daban ne da wanda aka so su ɗauka. Sun ga babban sakatare ya kwana a gidan gwamnati ya wayi gari ba shi da wurin ajiye kayansa. Mutane da yawa da suka yi nazarin aikin gwamnati suna ganin daga nan ma'aikaci ya fara tanadar wa kansa fansho da hannunsa tun yana kan kujera, ta halali ko ta haram.

Sai a 1979 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da Doka ta 102, wadda ita ma aka koma da ita baya zuwa 1 ga Afrilu, 1974, da Doka ta 103 ta sojoji. Wannan ita ce tsohuwar fanshon da ake ta kewarta. Ba a cire komai daga albashi. Mutum zai bar aiki idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, a ba shi garatuti a dunƙule, sa'an nan a riƙa biyansa wani kaso na albashinsa na ƙarshe kowane wata har ya koma ga Allah. Da fari sai wanda ya yi shekara 10 ke samun garatuti, wanda ya yi 15 ke samun fansho. A 1992 aka sassauto da su zuwa 5 da 10.

A takarda babu tsarin da ya fi wannan daɗi. Aibinsa guda ne, amma babba: babu wani rumbu da ake zuba kuɗin. Fanshon bana daga kasafin kuɗin bana ake cire shi, yana layi ɗaya da albashi da kwangila da hidimar masu mulki, kuma kowa ya san wanda ake fara mantawa idan tuwo ya yi kaɗan. Ma'aikaci na iya yajin aiki, tsoho kuwa me zai yaje? Ana cikin haka jihohi suka yi ta ƙaruwa, daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, har 36 a 1996, kowace da nata ma'aikatan, fayilolin tsofaffi na yawo tsakanin tsohuwar jiha da sabuwa. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, Naira ta kama gangara. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja. Kafin 2004 sai an ba da wajen Naira 130 a karɓi Dala guda. Wanda ya yi ritaya da fanshon da ke riƙe gida a 1980 ya wayi gari ba ya isarsa cefanen mako. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 173 da na 210, ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, amma rubutawa daban, aikatawa daban. Sai aka shiga zamanin tantancewa, ana kiran tsofaffi daga garuruwa masu nisa su zo su tsaya a rana su tabbatar suna da rai, alhali sunayen fatalwa na cikin takardar biya ba wanda ya taɓa su. Lokacin da aka zo gyara, an ƙiyasta bashin fanshon da ke kan gwamnati ya kai wajen Naira tiriliyan 2.

Gyaran ya zo a Yunin 2004, lokacin da Obasanjo, wanda ya dawo a farar hula, ya sa hannu a Dokar Gyaran Fansho. Abin sha'awa, mutumin da gwamnatinsa ta yi alkawarin 1979 shi ne ya warware shi bayan shekara 25. An kwaikwayo tsarin ne daga ƙasar Cile ta Kudancin Amurka, wadda ta fara shi a 1981. Ga yadda yake. Kowane ma'aikaci zai buɗe asusun ajiya da sunansa. A cire kashi 7.5 cikin ɗari na albashinsa, mai ba shi aiki ya ƙara wani 7.5, a zuba a asusun kowane wata. Kamfanin da ma'aikaci ya zaɓa shi ke juya kuɗin, amma ba ya riƙe su. Suna hannun wani kamfani daban wanda aikinsa ajiya kawai. Sama da su duka akwai Hukumar Fansho ta Ƙasa, wadda aka fi sani da PenCom, shugabanta na farko kuwa shi ne Muhammad K. Ahmad. Hikimar ita ce mai mabuɗi daban, mai rumbu daban, mai hatsi kuma yana iya leƙawa ya ga abin da ya taru. Idan ya sauya wurin aiki, asusunsa na biye da shi.

A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta ɗaga zubin zuwa kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ba shi aiki. Alal misali, wanda albashinsa da kuɗin gida da na sufuri suka kama Naira 100,000, za a cire masa 8,000, a ƙara masa 10,000, wato 18,000 a wata, 216,000 a shekara, ban da riba. Dokar ta ce a zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, wanda ya yi jinkiri a ci shi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba kowane wata. Galibi ba a taɓa kuɗin sai mutum ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50, sai fa wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, shi yana iya cire rubu'i. A ganina wannan doka ce ta fara tabbatar da cewa fansho albashin ma'aikaci ne da aka jinkirta masa, saɓanin abin da dokar 1951 ta ɗauka.

Dole a yi wa sabon tsari adalci. Manyan sace-sacen fansho da suka girgiza ƙasa a tsohon tsari aka yi su, inda kuɗi ke bi ta hannun jami'an gwamnati. A 2013 wata kotu a Abuja ta sami wani jami'in ofishin fanshon 'yan sanda da laifi a shari'ar biliyoyin Naira, ta ba shi zaɓin tarar Naira 750,000, ya biya nan take ya tafi gida, sai da aka ɗaukaka ƙara aka sake hukuncin. A Nuwamban 2021 aka yanke wa Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa domin ya tsabtace harkar, ɗaurin shekara 8 kan halatta kuɗin haram da suka kai wajen Naira biliyan 2. Kuɗin asusun ma'aikata kuwa taruwa suka yi ta yi, har suka haura Naira tiriliyan 20 a 2024.

Amma fa an toshe ƙofar ɓarawo ne, ba a yi maganin gara ba. A tsohon tsari gwamnati ce ta ɗauki alkawarin adadin da za ta biya. A sabo ba wanda ya yi wa ma'aikaci alkawarin komai sai abin da ya taru. Idan Naira ta faɗi, a kansa ta faɗi. A 2024 Dala ta haura Naira 1,500, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar, ribar da kamfanonin fansho ke samowa kuwa ba ta kamo ƙafar wannan ba. Lambobi na ƙaruwa a takardar asusu, mudun da za su saya na raguwa. Wani abin lura kuma, fiye da rabin kuɗin gwamnatin tarayya aka ba rance ta hanyar sayen takardun bashinta. Ashe an karɓe kuɗin daga hannunta ta ƙofar gaba, ta zagayo ta ara ta ƙofar baya. Ita ɗin ce kuma ta yi ta jinkirin biyan hakkin shekarun da ma'aikata suka yi kafin 2004, har mutum ya yi ritaya ya shekara bai ga ko kwabo ba. Sai a Fabrairun 2025 ta amince da cin bashin Naira biliyan 758 domin ta sauke wannan nauyi. Dokar ta tanadi mafi ƙarancin fansho da bai kamata wani ya gaza samu ba, shekaru suka yi ta wucewa ba a aiwatar ba.

Idan kana so ka san ra'ayin mutane game da tsari, dubi masu ƙarfi ko sun zauna a cikinsa. Sojoji da jami'an leƙen asiri an fitar da su a 2011. 'Yan sanda masu ritaya sun sha yin zanga-zangar neman a fitar da su, har a 2025. Malaman jami'a, da suka ga ba fita, sai suka kafa kamfaninsu na fansho, NUPEMCO, wanda ya sami lasisi a 2019. Gwamnoni da yawa kuwa majalisunsu suka yi musu dokar fansho ta musamman, da gidaje da motoci, bayan aikin shekara huɗu ko takwas. Jihohi ma ba duka suka shiga ba. Wasu, kamar Jigawa da Kano, sun bi hanya ta tsakiya, a cire daga albashi a zuba a asusu guda na jiha, amma a biya mutum bisa lissafin shekarun aikinsa. Can Cile ɗin ma da muka kwaikwaya, tun 2008 gwamnati ta ƙara wani tallafi daga taskarta domin waɗanda ajiyarsu ta gaza, kuma a 2016 dubban ɗaruruwan mutane suka fito tituna suna kukan ƙarancin abin da ake biyansu.

Duk wannan dogon bayani a kan 'yan tsiraru ne. Masu asusun fansho sun ɗan haura miliyan 10 a 2023, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma a cikin miliyan 10 ɗin akwai waɗanda aka daɗe ba a zuba musu komai ba. Manomi da ɗan kasuwar Kwari da tela da mai a-daidaita-sahu da matar da ke sana'a a cikin gida ba su da mai ba su aiki da zai ƙara musu kashi 10. Su ne kuma waɗanda gandu ke riƙewa a da, ga shi gonaki sun tsattsage saboda rabon gado, samari sun tafi birni. A Maris na 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho domin masu sana'ar kansu, mutum ya zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata, a bar masa kashi 40 cikin ɗari da zai iya cirewa idan buƙata ta taso. A 2021 kuma aka buɗe asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, abin da ya daɗe yana hana mutanenmu da yawa ko sauraron zancen. Duk da haka, zuwa ƙarshen 2024 waɗanda suka yi rajista a ƙaramin tsarin ba su kai 200,000 ba. Ni ban ga laifin tela ba. Uwar adashi a unguwarsu take, ya san gidanta, ya san ranar kwasarsa, kuma ya ga maƙwabcinsa tsohon malamin makaranta yana sintiri da fayil a hammata shekara uku bayan ritaya.